Wayar da Kakana Ya Ƙi Bugawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran kakana na wajen uwa, a gidansa da ke Gazara, cikin ɗakin da ya shekara biyu bai fito da ƙafarsa ba. Ina makaranta lokacin, fitowarmu daga lacca ke nan sai ga kiran kawuna, yayan mahaifiyata. Da na ji bai tsaya tambayar karatu da lafiyar ƙawaye ba kamar yadda ya saba, na san abin da zai faɗa. Kafin motar da na shiga ta iso Makarfi an riga an kai shi makwancinsa.

Na tarar da gidan maƙil. Maza a waje sun cika inuwar darbejiya har bakin masallaci, mata kuwa a tsakar gida ko wurin sa ƙafa babu. Wasu matan Fulani sun taso daga rugarsu da ƙwaryar nono, suka ajiye a ƙofar madafi. Babbarsu ta jingina da rumbu tana ta maimaita wata magana da Fulatanci, hawaye na bin fuskarta. Na tambayi matar kawuna me take cewa. Ta ce, "Cewa take yi, yanzu wa zai saurare su." A waje kuma, in ji kawu, wanda ya fi kowa kuka wani manomi ne daga Dandamisa. Shekarun baya Kaka ya ba ɗan'uwan mutumin gaskiya a kan iyakar gona, har mutumin ya rantse ba zai ƙara taka ƙofar gidan ba. Shi ne ya kama makara, bai yarda kowa ya karɓe shi ba har maƙabarta.

Ni kuwa na zauna cikin mata ina jiran kuka, ya ƙi zuwa. Abin da na ji a ƙirjina sauƙi ne, irin na wadda aka sauke wa tulu bayan ta taso daga rafi mai nisa. Kunya ta kama ni, na ja mayafi na rufe fuska don kada a gane. Sai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta matso ta kama hannuna. Ita ma idonta a bushe. Ta ce a hankali, "Baba ya huta. Wallahi ya huta. In kin ji sanyi a ranki kada ki ga laifin kanki, ni ma shi nake ji."

Sanyin nawa iri biyu ne. Ɗaya na kowa ne da ya ga irin jinyar da ya sha. Ɗayan nawa ne ni kaɗai, kuma shi ya sa na ɗauki biro, don ƙannena da ba su san shi da ƙarfinsa ba su san ko wane ne aka binne.

Kaka ba alƙali ba ne, ba dagaci ba ne, bai kuma taɓa shiga ajin boko ba. Manomin rake ne kuma malamin zaure. Bayan sallar asuba magidanta kan zo su ɗauki karatun fiƙihu a wurinsa, rana na ɗagawa ya rataya lauje ya nufi fadama. Amma abin da aka fi saninsa da shi raba gardama ne: gado, iyakar gona, ɓarnar shanu. In za shi wurin sulhu da gorar ruwansa yake tafiya, domin ba ya shan ruwa a gidan ko ɗaya daga cikin masu rigimar sai an gama. Kuma yana da wata magana da duk jikokinsa muka haddace. Komai zafin da ka zo da shi, zai bar ka ka amayar da abin da ke cikinka tas, sannan ya gyara zama ya ce, "To, na ji naka. Saura na ɗayan."

Ko mu yara bai ɗaga mana ƙafa ba. Ina shekara bakwai ɗiyar kawu ta karya mini 'yar tsana, na zo ina kuka kamar raina zai fita, ga 'yar tsanar a hannuna ba kai. Ya ce a kira masa ɗayan. Da aka bi diddigi ashe ni na fara zubar mata da lalle. Inna kan ce, da akuya za ta cinye hular Baba, sai ya nemi jin ta bakin akuyar.

Amarya yake kirana, kamar yadda kakanni ke yi wa jikokinsu mata, ni kuma in ce ba na son ango mai furfura. Duk hutun makaranta daga gidanmu na Ikara can Gazara ake kai ni, kuma ba ni da wurin zama sai bayan ƙyauren zaure. Nan na ga ranar da wani manomi ya shigo yana kumfar baki, shanu sun shiga masa rake. Kaka ya bar shi ya gama, sannan ya juya ga makiyayin ya yi masa magana da Fulatanci. Mutumin da tun shigowarsa kansa ke ƙasa sai ga shi ya ɗago yana bayani da hannu biyu. Kaka ya miƙe ya ce su je a gani da ido. Da suka dawo na ji ashe manomin ya shuke rabin burtalin da shanu ke bi, makiyayin kuma ya bar garken ba mai tsaro. Kowa ya ɗauki rabonsa na laifi, suka fita tare. A bayan ƙyauren nan sha'awar shari'a ta shige ni.

Da na kai ajin ƙarshe na sakandare na gaya masa lauya nake so in zama. Ya ajiye carbi ya dube ni.

"Lauya? Masu lauye magana?"

Na ce, "Ai kai ma aikin da kake yi ke nan, baƙar riga ce kawai ba ka da ita."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ni dai kada ki shigo mini gida da hular gashin tumakin nan da suke sawa." Amma a ranar duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce masa, "Ka ga amaryata? Alƙaliya ce."

Wanda bai nemi gurbin karatun lauya a babbar jami'a ba, ba zai gane yadda abin yake ba. Duk ɗalibin da ya yi fice a makarantarsu, ko likita yake so ko lauya, kujerun kuma kaɗan ne. Ka ci jarrabawar shiga jami'a, ka je a tantance ka, sannan ka dawo gida ka zauna kana duba waya kamar mai jiran haihuwa. Shekarar farko makina bai yi laifi ba, amma da sunaye suka fito sai aka ba ni wani fanni daban. Na ce ba na so. Mahaifina bai ji daɗi ba, ya ce ana neman wuri ido rufe ni ina zaɓe, amma ya bar ni in sake gwadawa.

Shekara ta biyu na yi karatu kamar zan haukace. Makina ya fi na duk ƙawayena. Jerin farko ya fito babu sunana. Na biyu ya fito, babu. Abin da ya ƙarasa ni, wata ƙawata da na fi ta maki nesa ba kusa ba ta samu lauyan. Kowa na hanya sai ya ce mini, "Ai sai da hanya. In ba ki da wani a sama, ki haƙura." A cikin wannan hali Inna ta yi suɓul da baka: wai ɗaya daga cikin waɗanda suka yi karatu a zauren Kaka yanzu babba ne a jami'ar da nake nema, kuma duk Sallah sai ya zo Gazara ya durƙusa ya gaishe shi.

Washegari na hau mota. Lokacin saran rake ne, na same shi a fadama, ana dafa mazarƙwaila a gefe, ƙamshi ya cika wurin. Na gaishe shi a gurguje na zayyana masa komai, na ƙare da cewa, "Kaka, waya ɗaya kawai za ka buga. Ba zai iya ce maka a'a ba."

Ya ce, "Na sani ba zai iya ba. Shi ya sa nake tunani." Sai ya tambaye ni, "Kujerun nan, in an buga waya ƙara su ake yi?"

"A'a."

"To ta wa za a ba ki?"

Na ce, "Kowa haka yake yi. Ni ma ai tawa aka ba wata."

Ya ce, "Wannan ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Abin da na sani, yarinyar da za a cire a sa ki, ita ma tana da kaka. Wataƙila nata kakan bai koyar da kowa ba. Amarya, ba zan buga ba."

Zuciya ta ɗebe ni. Har yau in na tuna abin da ya fita daga bakina sai in ji kamar in nutse. A gaban masu aikinsa na ce masa, "Kai da ba ka taɓa zama a aji ba, me ka sani game da jami'a? Ka zauna da rakenka da zaurenka."

Kaka ya zaro sandar rake guda, ya fere ta tsaf kamar yadda yake yi mini tun ina ƙarama, ya miƙo mini. Na juya na tafi na bar shi da hannu a miƙe.

Wata bakwai ban taka Gazara ba. Sallah ta zo, gidanmu duka aka tafi gaisuwa, na ce ciwon kai nake yi. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Abin mamaki, ba ta san abin da na faɗa masa ba, don bai gaya wa kowa ba, kuma ya hana masu aikin su faɗa. Ita dai ta ɗauka fushin waya ne kawai.

Ran nan, ranar kasuwar Ikara, ina wanki a tsakar gida na ji sallama a zaure, muryar da ba zan taɓa mantawa ba. Tsoho mai shekara kusan tamanin ya hau bayan babur tun daga tasha. Mahaifina ya rasa inda zai sa kansa don kunya, surukinsa ya zo gidansa ba sanarwa. Aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Ba zama na zo yi ba. Amaryata ta yi yaji, na zo biko."

Na fito na durƙusa nesa da shi, kaina a ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar takarda da ya yi rubutun ajami a kai.

Ya ce, "Na ji naki ranar nan. Na daɗe ina juya abin, sai na ga ban yi miki adalci ba, don ban ji na ɗayan ba. Shekaranjiya na je jami'ar."

Ashe shi kaɗai ya shiga mota ya tafi. Ya zauna a benci a ƙofar ofis tun safe har azahar, cikin ɗalibai da iyayen yara, bai gaya wa sakatare ko shi wane ne ba, don kada a tsallake da shi gaban waɗanda suka riga shi zuwa. Da ɗalibin nasa ya fito sallah ya gan shi, sai da ya cire takalmi a nan kan baranda. Ya ce, "Malam, ai da aike ka yi. Ba ni sunanta, an gama." Kaka ya ce masa, "Ba kujera na zo roƙo ba. Dalili na zo tambaya. A duba mini me ya hana."

Aka duba. Ya kawo takardar kusa da ido yana karantowa da ƙyar: "Li-ti-ri-ca. Sun ce wannan darasin, adabin Turanci, ba kiredit gare ki ba, fas ne. Kuma ba a ɗaukar kowa a lauya sai da kiredit a cikinsa, ko makinsa ya kai sama."

Gaskiya ne. A shekararmu ta ƙarshe ba mu da malamin adabi, da kanmu muka yi ta lalube, na tsira da fas. Mai shagon intanet da ya cike mini fom ya ce kada in damu, tunda ina da kiredit a Turanci ya wadatar, ni kuma ban bincika ba. Ƙawata da nake ta zargi a zuci, makarantarta daban, tana da kiredit ɗinta. Ba wanda ya ƙwace mini komai. Shekara biyu ina buga ƙofar da ni ce ban zo da mabuɗinta ba. Kuma da ya buga wayar nan an cusa ni, duk ranar da aka zauna duba takardu da kunya za a koro ni, in jawo wa bawan Allah can abin magana.

Kaka bai tsaya nan ba. Ya ce akwai wata malama a Kudan, 'yar kudancin Kaduna ce da ta yi ritaya ta zauna can, shekara da shekaru tana koyar da adabi. Ya san mijinta ta wurin noma, ya riga ya je ya yi musu magana. Zan zauna gidan ƙanwar Inna da ke aure a garin, in riƙa zuwa ɗaukar darasi, in sake rubuta darasin nan guda a jarrabawar masu zaman kansu. Ya ƙara da cewa, "Kuma bana kada ki rataya ranki a wuri ɗaya. Ki nemi wata jami'ar ma, ko da ta yi nisa."

Ranar ya kamata in nemi gafararsa. Na buɗe baki, ya riga ni: "Biko ya karɓu ko in koma in ƙaro goro?" Aka yi dariya, ni ma na yi, maganar ta wuce. Na ce a raina sai wani zuwan.

Wata huɗu na yi a Kudan. Malamar nan ta zaunar da ni a ƙarƙashin bishiyar gwaiba, ta sa ni karanta wasan kwaikwayo da ƙarfi ina sauya murya, har na daina jin tsoron littattafan. Na rubuta, kiredit ya fito. Na sake zama jarrabawar shiga jami'a karo na uku. Ana cikin jiran sakamako, da damina, Kaka ya faɗi a fadama. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, in ya yi magana sai matar kawu da ke jinyarsa ce ke iya tsintar kalma ɗaya ko biyu.

Tsoron da na shiga a watannin nan ba na rashin gurbi ba ne. Tsoro nake kada ya tafi da maganar fadama a tsakaninmu. Nakan je dubiya, amma kullum ɗakin cike da mutane, ni kuma na sa wa raina wata wauta, wai sai na zo masa da abu a hannu sannan zan iya haɗa ido da shi. Duk kiran da ya shigo wayar Inna sai gabana ya faɗi.

Wata Alhamis da rana na shiga shagon intanet a Ikara, ba wancan na da ba, aka buɗe mini shafina. Na ga sunana, na ga jami'ar da na shekara uku ina nema, a gabansa an rubuta lauya. Na ce da mai shagon ya sake karanta mini, don ban yarda da idona ba. Ya buga mini a takarda. Ko gida ban koma ba, daga tasha na kira Inna na gaya mata, na ce na wuce Gazara.

Na same shi an jingina shi da filo, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Na roƙi matar kawu ta ba mu wuri. Na karanta masa takardar layi-layi ina fassarawa. Ya miƙo hannunsa na hagu, na sa masa ita, ya riƙe ta a juye yana shafawa da babban yatsa, gefen bakinsa mai motsi yana murmushi.

Sai na durƙusa sosai na ce, "Kaka, ba wannan kaɗai ya kawo ni ba. Maganar da na faɗa maka a fadama, a gaban mutane, cewa ba ka taɓa zama a aji ba. Na yi maka rashin kunya, na ci mutuncinka. Don Allah ka yafe mini."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Na matso da kunnena dab da bakinsa. Kalma-kalma suka fito, kowace sai ya huta.

"Gaskiya... kika faɗa. Ban zauna ba." Ya ja numfashi. "Ke... ki zauna. Na yafe... tun a fadama."

Ranar na yi kukan da daga baya ya ƙi zuwa mini ran makoki.

Ya rayu shekara biyu bayan haka. Duk hutu nakan je in zauna gefen gadonsa in ba shi labarin abin da aka koya mana. In ya yarda ya gyaɗa kai, in bai yarda ba ya bubbuga tabarma da hannun hagu, kuma ya fi bubbugawa in muka zo kan gado da filaye. Amma ba zan ɓoye ba, shekarun sun yi masa tsanani. Mutumin da ya saba taka iyakar gonaki daga wannan ƙauye zuwa wancan ya koma sai an juya shi, sai an ba shi a baki, bayansa duk gyambo. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai in an buɗe taga ya kafa wa hanyar fadama ido har a rufe.

Matar kawu ta ce ranar Talatar ta dama masa kunu, ya sha cokali uku ya kau da kai. Ta ga leɓensa na motsi, ta matsa. Ta rantse mana cewa kalmar shahada ta fita daga bakinsa tangaran, irin yadda ba ta ji ya yi magana ba tun ranar da ya faɗi. Ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Kafin ta kira kawu daga zaure an gama.

Bayan addu'ar uku Inna ta ce in koma makaranta, jarrabawa ta matso. Saura shekara uku in gama, kuma ba zai ga ranar ba. Na duba zuciyata na ga wannan bai dame ni kamar yadda na zata ba. Abin da nake tsoron kada ya tafi bai ji ba, ya ji, ya kuma amsa mini da bakinsa.

Ya Allah, bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka saka wa matar kawu da duk wanda ya ɗaga shi ko ya kwantar da shi da alheri. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Amin.